Kumburin Uwar Jijiya da Yadda Likitoci Suka Koyi Ganin Gudun Jini

Yau zancenmu a kan wata cuta ne wadda ba ta zuwa da zazzaɓi, ba ta zuwa da tari, ba ta kuma hana mutum noma ko cin tuwo, sai ran da za ta kayar da shi gaba ɗaya. Sunanta kumburin uwar jijiya. Likitoci suna ce da ita aniyurizim. Za mu bi tarihinta mu ga yadda aka yi shekara kusan 2,000 ana fama kafin a sami hanyar ganinta a jikin mai rai ba tare da an tsaga shi ba. Ku mutanen Manga da na sauran ƙauyukan ƙasar Zuru, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, gama ƙarshen labarin nan ya shafe ku, musamman dattawa.

Mece ce uwar jijiya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauci yana fiɗar saniya ya ga wata farar jijiya mai kauri, mai rami a ciki kamar bututu, ta fito daga zuciya ta bi ƙashin baya. In ka ja ta sai ta miƙe, in ka sake ta sai ta koma, kamar roba. To, mutum ma yana da irinta, ita ce muke kira uwar jijiya, domin daga gare ta sauran jijiyoyin da ke kai jini ko'ina a jiki suka yi rassa. Tana fitowa daga zuciya, ta hau sama kaɗan, ta lanƙwasa, ta gangara ta cikin ƙirji ta shiga ciki, sa'an nan daidai cibiya ta rabu biyu, kowace ƙafa da nata reshe. Faɗinta a cikin ciki kamar santimita 2 ne, watau kaurin babban yatsan hannunka.

Aikinta kuwa ba ƙarami ba ne. Zuciya tana bugawa kamar sau 70 a minti, watau wajen sau 100,000 a yini da kwana. A kowane minti tana tura jini kimanin lita 5, galan guda ke nan da ɗan ɗori, duk ta cikin wannan jijiya. Kowane bugu sai bangon jijiyar ya ɗan buɗe ya koma. Haka yake yi tun mutum yana ciki har tsufansa.

Wani lokaci bangon nan yakan raunana a wuri guda, yawanci a ciki, ƙasa da inda jijiyoyin ƙoda suka fita. Kun san tiyub ɗin keke in ya tsufa, yakan yi ƙullutu a gefe guda in an hura masa iska. Haka jijiyar take yi. Abin lura kuma shi ne, gwargwadon yadda wurin ya buɗe, gwargwadon yadda jini yake ƙara jan bangon, shi kuma ya ƙara buɗewa. In faɗin ya kai santimita 3, likitoci sun ce kumburi ne. In ya ci gaba har ya fashe, jini yakan tsiyaye a cikin ciki, cikin mutum 10 da abin ya sama haka wajen 8 ba sa tashi.

Zamanin da babu abin dubawa sai hannu

Mutanen dā sun san kumburin jijiya, amma wanda ke kusa da fata kaɗai. Jalinus, wani likita Bayunane da ya yi zamani a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa, ya yi aikin ɗinke raunukan masu wasan takobi. Ya rubuta labarin wani irin kumburi mai bugawa kamar zuciya, in an danna shi ya ɓace, in an sake shi ya dawo, in kuwa an huda shi jini ya yi tsartuwa da wuyar tsayarwa. Amma Jalinus bai san jini zagayawa yake yi ba. A ganinsa hanta ce take yin jini kullum, jiki kuma ya shanye. An fi shekara 1,000 ana koyar da haka.

Wajen shekara ta 1242 wani likita Balarabe mai suna Ibn Nafis, wanda ya yi karatu a Dimashƙu ya yi aiki a Alƙahira, ya ce a'a, babu wata kafa a bangon da ya raba zuciya biyu kamar yadda Jalinus ya zata. Jini yana fita daga ɓangaren dama ne ya bi ta huhu ya gauraya da iska, kana ya dawo ɓangaren hagu. A 1628 kuma William Harvey, likita a ƙasar Ingila, ya yi lissafin yawan jinin da zuciya take turawa. Ya ga cikin rabin sa'a ta tura fiye da dukan jinin da ke jikin mutum. Ashe jinin nan guda ne yake fita ya dawo, ya fita ya dawo.

Tsakanin waɗannan biyu akwai wani mutumin Italiya, Leonardo da Vinci, gwanin zane ne. Wajen 1513 ya so ya ga yadda jini yake yi a bakin uwar jijiya. Tun da ba ya iya leƙa cikin mai rai, sai ya zuba narkakkiyar kakin zuma a zuciyar sa ya sami siffarta, ya ƙera irinta da gilashi, ya tura ruwa ciki tare da 'ya'yan wata ciyawa ƙanana kamar gero. Ya ga ƙwayoyin suna juyawa kamar guguwa a bayan marfin zuciya, ya zana abin da ya gani. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Duk da wannan sani, likita ba shi da abin duba mai ciwo sai tafin hannu da kunne. A 1817 Astley Cooper, babban likitan tiyata na Landan, ya ɗaure uwar jijiyar wani mutum da zare don ya tsayar da kumburin da ya soma yoyo. Mutumin bai cika kwana biyu ba ya rasu. Mafi yawan masu wannan cuta kuwa sai bayan sun mutu an buɗe gawa ake sanin abin da ya kashe su. A zamanin nan tunjere ne yake kawo da yawa daga cikin kumburin da ke ƙirji, shekaru bayan gyambon ya warke mutum ya manta da shi. Tun da aka tabbatar a 1943 cewa allurar fenisilin tana kashe tunjere, irin wannan ya ragu ƙwarai.

Hasken da ya ratsa jiki

A watan Nuwamba na 1895 wani masani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano wani haske da ido ba ya gani, wanda yake ratsa nama amma ƙashi ya tare shi. Ya ɗauki hoton hannun matarsa, ga ƙasusuwa ga zobe. Shi ne eksire da ake yi wa wanda ya karye. Amma jini da jijiya ba sa fitowa a cikinsa, gama hasken yana wuce su kamar babu.

Dabarar da ta gyara wannan daga Lisbon ta fito, babban birnin Fotugal. A 1929 likita Reynaldo dos Santos ya soka doguwar allura ta bayan mutum har cikin uwar jijiya, ya ɗura wani ruwan magani mai aidin a ciki, wanda yake tare hasken kamar ƙashi, nan take ya ɗauki hoto. Ran nan aka fara ganin uwar jijiyar mai rai da rassanta. Sai dai hanyar tana da hatsari, tana kuma iya ruɗin likita. Ruwan maganin yana bin inda jini yake gudu ne kaɗai. In gudan jini ya daskare ya shafe bangon kumburin ta ciki, hoto zai nuna 'yar siririyar hanya, alhali buhun da ke kewaye da ita ya kusa fashewa.

A wannan zamani ko an gano cutar ba a da cikakken magani. Albert Einstein, masanin nan da sunansa ya game duniya, an buɗe cikinsa a Amurka a 1948 aka tarar da kumburin. Abin da likitan ya iya yi shi ne ya naɗe wurin da wata takarda mai kama da leda. Ya ƙara shekara 6 da 'yan watanni, a watan Afrilu na 1955 kumburin ya fashe ya rasu yana da shekara 76. Tun kafin rasuwarsa kuwa hanya ta fara buɗewa. A 1951 Charles Dubost na birnin Faris ya yanke kumburin wani mutum ya ɗinka masa guntun jijiyar wani da ya rasu, mutumin ya warke. Ba da jimawa ba Michael DeBakey na Amurka ya sayo yadin Dacron a kanti, ya ɗinka bututu da keken ɗinkin matarsa, ya nuna za a iya sa shi a madadin jijiya. Har yau da irin yadin nan ake aiki. Tun daga lokacin tambayar likitoci ta zama: wa za a yi wa aikin, kuma yaushe? Aikin babba ne, ana iya mutuwa a cikinsa. In an yi wa wanda kumburinsa ba zai fashe ba, an jefa shi hatsari a banza. In an jinkirta wa wanda nasa ya kusa, an yi hasararsa. Amsar tana wurin gani sosai.

Amsa-kuwwa da ƙarar babur

Wanda ya taɓa yin kira a gindin duwatsun ƙasar nan ya ji muryarsa ta dawo masa. In dutsen yana kusa ta dawo da sauri, in yana nesa ta jima. Da haka jemage yake tafiya cikin duhu. A 1958 Ian Donald, likitan mata a birnin Gilasgo, ya bayyana yadda ake aika wata siririyar ƙara, wadda kunne ba ya ji, cikin cikin mutum, na'ura ta karɓi amsa-kuwwarta ta mai da ita hoto. Wannan ita ce na'urar sikanin da ake duba mata masu juna biyu da ita. Babu allura, babu yanka, babu zafi. Tana nuna bangon jijiya da gudan jinin da ke manne da shi, a auna faɗin daidai.

Saura gudun jinin kansa. Ka tsaya bakin hanyar Zuru babur ya taho a guje. Sa'ad da yake nufo ka ƙararsa siririya ce, da ya wuce sai ta yi kauri. Wani masani mutumin Ostiriya, Christian Doppler, shi ya bayyana dalilin irin wannan a 1842. Bayan shekara fiye da 100, cikin shekarun 1950, Shigeo Satomura na birnin Osaka a Japan ya nuna ƙarar da ta bugi jini mai gudu ita ma haka take sāke murya, daga nan a san saurinsa. A farkon shekarun 1980 aka ƙera na'urar da take shafa wa gudun launi: jinin da ke nufo kan na'urar ja, wanda ke gudunsa shuɗi. Inda jini yake juyawa sai ka ga ja da shuɗi gefe da gefe cikin jijiya guda.

A 1971 aka fara ɗaukar hoton mai ciwo a Landan da wata na'ura da Godfrey Hounsfield ya ƙera, wadda ake kira siti sikan. Eksire ne, amma yana kewaya mutum, kwamfuta ta fitar da hotonsa yanki yanki kamar an yanka kuɓewa. Da ita likitan tiyata yake sanin tsawon kumburin da siffarsa kafin ya taɓa wuƙa. Bayanta aka sami em'ar'ai, mai aiki da ƙaton maganaɗisu. Ita tana iya auna saurin jini da inda ya dosa a kowane lungu na jijiyar, daga farkon bugun zuciya zuwa ƙarshensa. A 2014 likitocin Okusfod a Ingila suka duba bakin uwar jijiyar mai rai da ita, suka tarar da guguwar nan da Leonardo ya zana shekara 500 da suka wuce. Gani ya kori ji.

Abin da aka gani a cikin kumburin

Tun 1883 Osborne Reynolds na birnin Manchesta ya ɗiga tawada cikin ruwa mai bin bututun gilashi. In ruwan yana tafiya a hankali, tawadar ta miƙe kamar zare. In ya yi sauri, sai ta cukurkuɗe. Ku ma kun ga irin wannan da damina. Rafi in yana bin matsattsen wuri yakan tafi sak. Da ya iso wuri mai faɗi, na tsakiya ya wuce, na gefe ya tsaya yana zagaye, yana tara kara da ganye da kumfa, laka tana kwantawa.

To, haka na'urorin nan suka nuna a cikin kumburin uwar jijiya. Jinin tsakiya yana wucewa da ƙarfi, na gefe yana juyawa yana jinkiri. Inda ya yi jinkiri sai ya daskare ya manne wa bango, ɓawo kan ɓawo kamar albasa. Mafi yawan manyan kumburi suna da wannan gudan jini. Za ka zaci liƙi ne mai ƙara wa bango ƙarfi, amma an lura bangon da ke ƙarƙashin gudan jini mai kauri yakan rasa isasshiyar iskar da jini yake kai masa, ya yi laushi ya sirance. Wani lokaci kuma ɓarɓashin gudan yakan ɓalle ya gangara ya toshe jijiyar ƙafa, yatsu su yi sanyi su yi baƙi.

Me ya sa masana suka dage kan wannan bincike? Domin faɗi kaɗai ba ya faɗin kome da kome. Akan sami ƙaramin kumburi ya fashe, babba kuma ya zauna shekaru. Don haka suke ɗaukar hoton jijiyar mutum su sa a kwamfuta, su lissafta inda jini yake juyawa da inda bango ya fi shan wuya, da nufin su san tun da wuri wanne ne mai hatsari. Amma har yanzu ma'aunin da likita yake yanke shawara da shi faɗi ne, da saurin girma. Ƙananan kumburi sukan ƙaru da milimita 2 zuwa 3 a shekara, na mai shan taba ya fi sauri. In ya kai santimita 5 da rabi ga namiji, watau faɗin yatsu uku, ko santimita 5 ga mace, akan ba da shawarar aiki. Tun 1990, sa'ad da Juan Parodi ya yi shi a Ajantina, ana iya zura bututun yadi mai waya ta jijiyar matsematsi har cikin kumburin, a buɗe shi kamar lema, jini ya bi ta cikinsa, ba sai an tsaga ciki ba.

A Ingila, cikin wani shiri da aka fara a 2009, ana kiran kowane namiji a shekarar da ya cika 65 a duba shi da sikanin sau ɗaya. Wanda aka ga ƙaramin kumburi a jikinsa ana sake auna shi kowace shekara, in ya ƙara girma kowane wata uku.

Namu rabo

A ƙasarmu an buɗe asibitin koyarwa na Ibadan a 1957, an yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Inugu a 1974, siti sikan ta farko kuma ta iso Ibadan a 1987. Manyan na'urorin nan sai a manyan asibitoci, irin na koyarwa da ke Sakkwato da Zariya da Kano. Amma don a san ko kana da kumburin ko babu, ba ka bukatarsu. Sikanin nan da matanku suke zuwa a yi musu in suna da ciki ya isa, aikin 'yan mintoci ne.

Wa ya kamata ya nema? Namijin da ya haura shekara 60, musamman wanda ya sha taba ko yake sha, da mai hawan jini, da wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi wannan cuta. Maza sun fi mata samunta ninki da yawa, amma mata ma suna yi. In kana cikin waɗannan, ka gaya wa malamin asibiti ya auna jininka, ya taɓa cikinka, ya ba ka takarda zuwa babban asibiti a Zuru ko Birnin Kebbi.

Ga abubuwa huɗu da za ku riƙe.

Na ɗaya, ba kowane bugu a ciki ne cuta ba. Ramammen mutum in ya kwanta rigingine yakan ji uwar jijiyarsa tana bugawa saman cibiya, lafiya lau. Amma in akwai ƙullutu mai bugawa, mai ture yatsu gefe da gefe, a je a duba.

Na biyu, duk kumburin da yake bugawa kamar zuciya, a ciki ne, ko wuya, ko matsematsi, ko bayan gwiwa, kada a yarda a yi masa sakiya, ko tsaga, ko ƙaho, kada kuma a murza shi. Ba ƙurji ba ne, babu mugunya a ciki. Jini ne tsantsa daga zuciya, in an huda ba mai iya tsayar da shi a gida.

Na uku, in dattijo ya ji ciwo mai tsanani farat ɗaya a ciki ko a baya, da jiri, da gumi mai sanyi, ko ya suma, a kwantar da shi, kada a ba shi abinci ko jiƙo, a nemi mota nan da nan zuwa babban asibiti. Kada a ce sai gari ya waye.

Na huɗu, babu ƙwaya ko saiwa da aka tabbatar tana mai da kumburin nan baya. Abin da ke hannunka shi ne ka bar taba, ka rage gishiri, ka sha maganin hawan jini kullum yadda aka faɗa maka ko da kana jin garau, ka kuma koma awo ranar da aka sa maka. Mai tunjere ya je a yi masa allura har a gama. Rigakafi ya fi magani.

Jalinus da Ibn Nafis da Harvey sun mutu ba su taɓa ganin jinin mai rai yana gudu a uwar jijiya ba. Kai kuwa za a iya nuna maka naka a kan allo, kana kwance kana kallo. In shekarunka sun kai, ran da za ka kawo jikanka rigakafi ko za ka ci kasuwar Zuru, ka tsaya ka tambaya.